Tiyata, Mai Ƙawata Inji

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana wanke kayan aikin likitoci a ɗakin tiyata. Almakashi, wuƙaƙe, allurai, duk sai sun bi ta hannunta, ta goge, ta dafa, ta jera a tire kowanne a mazauninsa, ta yadda likita zai miƙa hannu ido rufe ya ɗauki abin da yake nema. Da shekarun aiki suka cika aka sallame ta da agogon bango da takardar yabo. Ta koma gida ta zauna. Wata uku ta iya.

A na huɗu ta fara zuwa garejin ƙanenta, autansu, da sunan kai masa abincin rana. Bakanike ne, amma ba kowace mota yake taɓawa ba, sai ta samari masu son gudu, irin wadda ake ƙara wa inji ƙarfi har salansa ta riƙa tari kamar bindiga. Wata rana ya gama haɗa wata jar mota, baki har kunne, ya ɗaga bonet don ta gani. Ta leƙa, ta ja da baya, ta riƙe haɓa.

"Auta, ka gama ke nan?"

"Na gama, Yaya. Ki ji ƙararta."

"Ƙara kam na ji. Amma da likita ne ya rufe cikin mutum a haka, da tuni an karɓe masa takardu. Dubi wayoyi kamar hanjin kaza, ga baƙin mai ko'ina."

"Inji ne fa, Yaya, ba falo ba."

"Ba ni kananzir da tsumma."

Ya ɗauka wasa take yi. Kwana huɗu ta yi a kan motar. Duk wayar da ta kama sai ta tambaye shi daga ina ta fito, ina za ta, ta rubuta a filasta ta manna mata. Sannan ta tattara su, ta naɗe, ta bi da su ta ƙarƙashin ƙarfen gefe inda ido ba ya kaiwa. Lungunan da tsumma ya kasa shiga ta bi su da burushin haƙori. Notikan da suka yi tsatsa ta jiƙa su a gwangwani. Murfin injin kuwa ta dirje shi da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har mutum na ganin haƙoransa a jiki. Da mai motar ya zo, sai da ya zagaya ya duba lamba, don ya tabbatar tasa ce. Daga ranar ba ya tsayawa a gidan mai bai ɗaga bonet ba, ko ba abin da zai duba.

Kanikawan layin ne suka sa mata suna Tiyata, da nufin zolaya. Ta karɓa, har ta sa aka rubuta mata a ƙofar rumfar da Auta ya yanka mata a gefen gareji.

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne babban ɗanta, manaja a wani kamfani. Ya zo da fararen kaya, yana tsallake tabon mai kamar mai tsallake kwata, ya same ta da tabarau a karan hanci, rabin jikinta cikin mota.

"Umma, me muka gaza miki da shi? Jiya wani a ofis ya nuna mini hotonki a waya, yana tambaya ko mahaifiyata ce."

"Ka ce masa me?"

Ya sunkuya yana duba ko mai ya taɓa masa riga.

"To, Manaja, da nake wanke jinin mutane da ruwan ciwonsu ba ka ji kunya ba, har da kuɗin aikin ka yi karatu. Yanzu don na koma baƙin mai? Matsa, ka tare mini haske."

Haka ta shekara biyu, mota na fita wata na shigowa. Sai aka kawo mata ta wani saurayi da ake kira Guguwa, wanda samarin gari ke bi a waya kamar ƙudaje, don duk abin da ya ɗora sai sun kalla. Za a yi taron nuna motoci ranar Asabar, yana so injinsa ya fi na kowa ƙyalli. Ran Laraba tana goge tiyon fetur, yatsanta ya ji wani ɗan kaushi. Ta lanƙwasa tiyon, sai ga tsaga kamar faso, kusa da ƙarfen da ke ɗaukar zafi. Auta ya bincika, ya ce irin tiyon sai an yi odarsa, mako biyu kafin ya iso.

Guguwa ya zo ya duba, ya ɗaga kafaɗa.

"Mama, ai bai fara yoyo ba. Ki sa masa rigar nan mai ƙyalli da kike sa wa sauran, ta rufe. Bayan taro sai a canja."

"Ɗan nan, ba a ɗaure bandeji a kan ƙurjin da ba a matse ba."

"Motata ce fa."

"Hannuna ne."

Ya yi lallashi, ya yi barazana, ya kira Auta gefe. Auta ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce, "Yaya, kwana uku ne kawai, kuma kin san bakin yaron nan." Ta ce in yana so shi ya sa, ga rigar can a kan tebur, amma ya bari ta fita daga garejin tukuna. Auta ya dubi rigar, ya dubi yayarsa, bai taɓa ba.

Guguwa ya ja motarsa rabi a goge rabi da datti. Kafin yamma ya ɗora hoton injin a waya, ya ce tsohuwa ta ruɗe, ta ɓata masa mota a ƙurarren lokaci. Wani ya ƙarasa masa aikin, Guguwa ya je taron, ya zo na biyu. Motar ba ta kama da wuta ba, ba abin da ya same shi. Wannan ya sa mutane suka ce ai ga shi nan, rikicin tsufa ne kawai.

Rumfar ta yi tsit. Mako ya wuce, wani ya bi, ba mai ɗaga mata bonet. Manaja ya dawo, wannan karon murya ƙasa-ƙasa, ya ce ta yi abin da ya dace, amma tunda abin ya zo da haka sai ta huta da mutuncinta.

"Mutuncin nawa a kan kujera ka ajiye mini shi?" in ji ta.

Washegari ta tafi wurin masu sayar da ruɓaɓɓun ƙarafa, ta zaɓi injin da ya fi kowanne muni, wanda kaji suka mai da akurki, aka turo mata shi a baro. Ta sa aka girke shi a bakin titi, daidai ƙofar gareji, ta kafa kujera a gabansa. Kowace safiya masu wucewa na ganinta tana kwance shi noti-noti, tana jerawa a kan farin ƙyalle. Kanikawa suka yi dariya mako guda, suka gaji. A mako na uku wasunsu sun fara tsayawa da kofin shayi suna kallo, har mai walda ya tambaye ta lambar samfefar da take gamawa da ita. A na shida injin ya tsaya yana walƙiya, masu mota na rage gudu don su gani.

Wanda ya fara shigowa wani dattijo ne mai tsohuwar motar da ya gada daga mahaifinsa. Bayansa aka samu wasu, ɗaiɗai. Samarin Guguwa ba su dawo ba har yau, ita ma ba ta aika musu ba.

Yanzu shekarunta sittin da takwas, yatsunta sun fara ƙin lanƙwasuwa, inji biyu take iyawa a wata. Likita ya ce ta rabu da kananzir da ruwan sanyi. Ta sayi safar hannu mai kauri, ran da yatsun suka ƙi kuma sai ta ɗaure burushin a tafinta da roba. Ranar da Auta ya fara ganin haka ya daɗe a tsaye a bakin rumfa.

"Yaya, ko dai za ki bari haka?"

"Kai da ka fara furfura ma ba ka bari ba. Zo ka ƙara ja mini robar nan, ta saki."

Ya durƙusa ya ɗaure mata, ta juya ga injin.