Gwiwata, Ƙahon Ɗanlami da Ɓerayen Likitoci

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Wata biyar ban ce uffan a nan ba, har wani ya aiko yana tambaya ko an yi sadakar arba'in ba a gaya masa ba. Ina nan da raina. Gwiwa ce ta kwantar da ni.

Shekarun baya, a majalisarmu ta Ƙofar Mazugal, wani ya ce wai a ƙasashen waje akwai likitocin da ke kiwon ɓeraye, su sa musu ciwon gwiwa da gangan, su zauna suna kallon ɗingishinsu. Na ce masa kakata ta sha yi mana tatsuniya, amma ko ita ba ta kai nan ba.

Abin ya fara wata Laraba. Ina sauka daga adaidaita sahu a Goron Dutse, ƙafar dama ta ɗan gurɗe. Ko faɗuwa ban yi ba. Kafin la'asar gwiwar ta yi suntum, ga zafi rau.

A danginmu an san jininmu ba ya saurin tsayawa. Inna, mahaifiyata, ta ce da aka yi mini kaciya kwana huɗu ana fama. Kawunnaina biyu ma haka suke. "Jinin gidan su Inna" muke ce masa, mu yi dariya. Ba wanda ya ɗauke shi ciwo.

Na aika aka kira Ɗanlami wanzami, abokina tun makarantar allo. Ya lallatsa ya ce, "Inuwa, mataccen jini ne ya taru. Ƙaho biyu, gobe kana kasuwa."

Na ce, "To, babban likitan Dala, bisimilla."

Ya tsaga, ya kafa ƙaho. Na bi da asfirin biyu don zogin ya lafa.

Jini ya zo, ya ƙi tsayawa. Tsumma ya jiƙe, aka kawo wani. Ɗanlami ya ƙara danne wurin, a banza. Nan na tsorata.

'Yata Hadiza ta leƙo ta ce, "Baba, ba shawara na zo nema ba. Mai adaidaita yana ƙofar gida."

A asibiti aka ɗaure wurin, aka ƙara mini jini, aka yi ta ɗibar wani don gwaji. Na ce wa mai ɗiban ta lallaɓa, ɗan kaɗan ne ya rage.

Bayan kwana shida likitar jini ta zo, wata 'yar Barno mai magana a hankali. Ta ce, "Baba, sunan ciwon himofiliya. Akwai sinadarin da ke daskarar da jini, naka bai cika ba. Mai sauƙi ne, shi ya sa ka kai furfura. Kumburin nan jini ne ya zuba can cikin gaɓa, inda ƙaho ba ya kaiwa. Asfirin kuwa ƙara tsinka shi ya yi."

Aka yi mini allurar sinadarin. Tana da tsada, kuma ba kullum ake samunta ba. Sauran magani ƙanƙara ce da ɗage ƙafa.

Kumburi ya sauka, ciwo bai bi shi ba. Na koma salla a kan kujera, ina nuni da ka. Wata rana na tambaye ta abin da ke cin raina: "Likita, goshina zai sake taɓa ƙasa kuwa?"

Ta ce ba ta yin alkawari. Jinin da ya daɗe a gaɓa yana cin guringuntsi, ciwon kuma kan zauna ko bayan jinin ya tafi.

Na ce, "Ku da ba ku shiga ciki ba, ina kuka sani?"

Ta ce, "Wani daga marasa lafiya, wani daga ɓeraye."

Na gyara zama. Ta ce akwai ɓerayen da ake kiwo masu irin jinina. Ana sa jini ya zuba a gwiwarsu, a bi abin da ke faruwa.

Na ce, "To ɓera da wane baki zai ce nan ke mini ciwo?"

Ta ce ana duba nauyin da yake ɗorawa a kan ƙafar, a taɓa tafinsa da siririn zare a ga ko zai janye. "Ɓera dai ba mutum ba ne, Baba, binciken bai ƙare ba. Amma ya ƙara nuna mana ciwon nan ba raki ba ne."

Ran nan na ji tausayin ɓera, karon farko a rayuwata.

Wata uku ina zuwa sashen gashin ƙashi, sau biyu a mako. Lanƙwasa, miƙe, lanƙwasa. Akwai ranakun da na koma gida ban kula kowa ba.

Juma'ar da ta wuce na yi sujada. Sai da na dafa bango na tashi, amma goshina ya taɓa ƙasa. Alhamdu lillahi.

Na gode wa likitata, da masu jinya, da Hadiza, da ku masu addu'a.

Abin da zan ce muku: in jininku na daɗewa bai tsaya ba, ku je a gwada. Gaɓa in ta kumbura, kada a tsaga, kada a murza, kada a sha asfirin. Ciwon ta wajen uwa yake bi, don haka jikokina maza na wajen Hadiza ba mai taɓa su da aska sai an gwada su.

Jiya Ɗanlami ya zo dubiya, muka zauna a tabarma, ni ma a ƙasa. Ya ce yanzu ba ya kafa wa kowa ƙaho sai ya tambayi yadda jininsa yake. Can ya sassauta murya: "Inuwa, ka ji wai Turawa na kiwon ɓeraye masu irin ciwonka? An ce har 'yan sanduna ake sassaƙa musu."

Labarin likitata da na bayar a majalisa ne ya zaga Dala ya dawo mini da ƙari. Na ce masa ban taɓa ji ba, ya ba ni daga farko.