Mai Gyara Mini Magana

Na ji an ce yanzu masana kan loda littattafan Sifaniya da fassararsu ta Sinanci cikin kwamfuta, su ga yadda kowane salon magana ya haye daga wancan harshe zuwa wannan. Allah ya taimake su. Ni tawa kwamfutar tsohuwa ce mai cin goro a Argungu, ƙanwar mahaifina.

Lokacin da aka ba mu jiha ina koyarwa a Birnin Kebbi, ina haya a unguwar Badariya. Wani labarin mutanen Sifaniya ya faɗo hannuna, an juya shi zuwa Turanci, na ɗora wa kaina mayar da shi Hausa. Duk ranar Asabar sai in hau mota in kai wa Gwaggo abin da na rubuta, tana tsintar shinkafa ina karantawa. Ba ta san baƙi da wasali ba, amma kunnenta ba ya barin ko tsakuwa ɗaya.

Wata rana na karanta inda wani yake jan gashin abokinsa.

"Kokawa sunka yi?" in ji ta.

"A'a Gwaggo, wasa yake masa."

"To ka ce zolaya tai yaka yi mana. Wa ka jan gashin ƙato da sunan wasa?"

Haushi ya kama ni, don da ƙamus na kwana. Amma gaskiyarta ce. Haka muka yi ta yi, inda na rubuta zuciyar mace ta faɗo ƙafafunta, ta ce gabanta dai ya faɗi. In na yi gardama sai ta lissafo mini wanda ta ji ya faɗa, da gidan sunan da aka faɗa. Burina duka in kai ƙarshen littafin ta ji shi, ta ce ya zama namu.

Kafin in kai can tsufa ya riga ni. Bayan wata damina da ta yi jinya, sai ta rage magana, tiren shinkafar ma aka ɗauke mata. Na zo da babin ƙarshe na zauna bakin tabarmarta. Na karanta shafi guda, shiru. Na biyu ma shiru. Da farko har na ji daɗi, na ce ashe na ƙware.

Sai tsoro ya shige ni. Na bar abin da ke takardar, da gangan na ƙago magana mara kai, wadda ko yaron goye ba zai yarda da ita ba, na faɗe ta da ƙarfi. Na dakata ina jiran faɗa, ban taɓa ƙishin faɗan mutum haka ba.

Ta dube ni da murmushi, irin wanda ake yi wa baƙo.

"Madalla, Malam," ta ce. "Ka iya karatu."