Ranar da Motar Kawu ta Zauna a kan Turmi

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, direba ne tun yana saurayi. Ya yi shekaru yana tuƙa wani babban ma'aikaci a Damagaram, da mutumin ya ajiye aiki zai koma garinsu, sai ya bar masa motar kyauta. Da ita Kawu ya dawo Matameye. Fara ce, doguwa, irin ta Faransa ta dā mai layin kujeru uku. A lokacin da nake wannan magana ta riga ta tsufa. Ƙofar baya sai an ɗaga ta kafin ta rufu, gilashin gefen direba kuwa da hannu biyu ake jawo shi sama. Amma injinta lafiya lau, ko daga bayan katanga ka ji ƙararta ka san Kawu ne.

A cikin kayan motar babu abin da yake ji da shi kamar kirik ɗinta, abin da masu zuwa Kano suke ce wa jak. Na asali ne, tare suka fito daga kamfani. Dogon ƙarfe ne mai marfi a sama da hannun juyawa, yana da wani harshe da ake zurawa a cikin rami mai kusurwa huɗu a jikin motar, kusa da kowace taya. Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kawu zai zauna a ƙofar gida ya kwance shi daga tsohon buhun da yake naɗe shi, ya goge, ya shafa masa giris. Yana ba da aron komai, har tayar safaya, amma ban da shi.

Tare da kirik ɗin akwai abu biyu da ba sa barin bayan motar: wani faffaɗan katako, da gindin turmi. Turmin na Inna ne, matar Kawu, tun na aurenta. Da ya tsage, Kawu ya kai wa masassaƙi ya yanke masa gindin. Inna ba ta taɓa yafe wannan ba, domin ta so ta mayar da shi abin zama a madafa. Ko yaushe ta gan shi a mota sai ta ce, "Ga turmina can yana yawon duniya, ni ina zaune a kan bulo."

A shekarar da abin ya faru ina koyarwa a lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu, ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma ban daɗe da karɓar takardar tuƙi ba. Kawu ba ya kirana da sunana, sai dai Mushe, wato Malam da Faransanci, kamar yadda 'yan ajina suke kirana. Yayana kuwa ya dawo daga cin rani a Kano da farkon damina, ya kawo wa Kawu tsarabar sabon jak, ja, gajere, irin wanda ake bugawa da sanda, man da ke cikinsa ya ɗaga shi. Kawu ya juya shi a hannu, ya sa albarka, ya ajiye shi a bayan mota don kada Yaya ya ji babu daɗi. Bai taɓa amfani da shi ba.

Sai 'yar Kawu da ke aure a wani ƙauye gaba da Dungu ta haihu, ɗan fari. Ranar suna muka fito bayan sallar asuba don mu riski raɗin suna: ni a sitiyari, Kawu a gefena, Yaya da Inna a baya tare da buhun shinkafa, tabarmi, da kwanonin da ta ɗaure a zani. An yi ruwa jiya da yamma. Gero ya kai gwiwa, gonaki shar ko'ina, iska tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kawu yana ta gyara mini tuƙi ba tare da ya dube ni ba.

"Sassauta, Mushe. Ba ɗalibarka ba ce da za ka yi mata tsawa."

Mun bar babbar hanya mun shiga ta amalanke, ba mu yi nisa ba na ji bayan motar yana ja gefe guda. Wani kututture da ruwa ya tone ya farke tayar baya ta dama. Muka fito duka. Inna ta shimfiɗa tabarma a gindin wani gawo ta zauna tana jan carbi.

Yaya ya ga dama ta samu. Ya ɗauko jan jak ɗinsa yana cewa, "Kawu, yau ku huta. Kafin ku gama juya wancan mun isa." Amma motar ta kwanta sosai a yashi, jak ɗin ya ƙi shiga ƙarƙashinta. Ya tona da hannu ya cusa shi, ya fara bugawa. Maimakon mota ta tashi, sai jak ɗin ya riƙa nutsewa a cikin jiƙaƙƙen yashi. Kawu yana tsaye hannuwansa a baya har Yaya ya gaji ya zaro abinsa duk laka.

Sannan Kawu ya kwance buhunsa. Ya shimfiɗa katakon a ƙasa, ya kafa tsohon kirik a kai, ya zura harshen a rami, ya fara juyawa a hankali. Motar ta riƙa tashi kaɗan-kaɗan. Da ta yi sama, ya ce in miƙo gindin turmi.

Na dubi rana, ta fara ɗagawa. Na ce, "Kawu, taya kawai za mu canza. Ba wanda zai shiga ƙarƙashi."

"Miƙo dai."

"Za a raɗa suna ba mu je ba."

"Aikin kirik ɗagawa ne, Mushe. Riƙewa aikin itace ne. Miƙo."

Na miƙa masa ina jin haushi. Ya durƙusa ya tura shi ƙarƙashin motar, daidai wani ƙarfe mai kauri, ya gyara masa zama. Muka cire tayar da ta fashe. Notunan muna zuba su a cikin hular Yaya da ya ajiye a ƙasa. Garin mirgino safaya ƙafarsa ta bugi hular, noti ɗaya ya gangara ya shige can ƙarƙashin mota.

Ban tsaya tunani ba. Ina ganinsa yana ƙyalli a yashi. Na kwanta rub da ciki na miƙa hannu, bai kai ba, na ƙara matsawa har kaina da kafaɗata suka shiga. Yatsuna sun taɓa shi ke nan na ji wata ƙara kamar ana yaga kwanon rufi. Sai duhu, sai nauyi a bayan kafaɗata, sai ƙasa da tsatsa suna zubo mini a wuya.

Na ji Inna ta saki salati da ƙarfi. Na ji an kama ƙafafuna ana ja. Yaya ne da Kawu suka fizgo ni waje, rigata ta yage tun daga wuya, kafaɗata ta ɗaye tana jini. Na zauna ina kallon motar. Ta faɗo, amma ba ta kai ƙasa ba, ta zauna daram a kan gindin turmi. Tsakanin ƙarfenta da inda kaina yake bai fi faɗin tafin hannu ba. Notin yana cikin hannuna, na damƙe shi har ya yi mini shaida.

Yaya ya juya ga Kawu. "Na faɗa muku! Tsohon ƙarfe ne, ya gama aikinsa!"

Kawu ya durƙusa a gabana. Ya fara duba ni tukuna, ya ɗaga hannuna sama da ƙasa, ya latsa ƙashin wuyana, ya ce in juya kai. Da ya tabbata ba karaya, ya je ya ɗauki kirik ɗin da ya faɗi gefe. Ya juya hannunsa, yana tafiya sumul, harshen bai ko lanƙwashe ba. Sai ya kwanta ya leƙa ramin da ke jikin motar. Ya sa yatsa, ƙarfen wurin ya marmashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Tsatsa ta cinye shi daga ciki, fenti ne kawai ya rufa masa asiri.

Ya zauna a ƙasa, a cikin laka, da fararen kayansa na zuwa suna. Ban taɓa ganin Kawu haka ba.

"Shekara nawa ina shafa wa wannan giris duk Juma'a," ya ce, "ban taɓa leƙa inda nake zura shi ba. Da na kai wa Yayata gawar ɗanta, me zan ce mata?"

Na ce, "Kawu, ni na shiga. Ba ku kuka sa ni ba."

Ya girgiza kai kawai. Inna ta zo ta yaga gefen tsohon zanin da ta ɗaure kwanoni, ta wanke mini ciwon da ruwan buta, ta ɗaure.

Saura yadda za a sake ɗaga motar, tunda ramin ya lalace. Kawu ya dubi Yaya ya ce, "Kawo naka." Yanzu da motar take zaune a kan turmi akwai sarari a ƙarƙashinta. Aka ɗora jan jak a kan katako, Yaya ya buga, ta tashi. Ya so ya yi magana, na ga bakinsa ya motsa, amma ya dubi fuskar Kawu ya haɗiye. Muka ɗaura safaya. Kawu ya karɓi sitiyari da kansa.

Mun isa an riga an raɗa suna, an yanka rago, har an fara rabon goro da waina. A hanya Kawu ya roƙe mu kada a gaya wa mahaifiyata. Muka ce to. Amma kafin azahar babu matar da ke gidan sunan da ba ta ji daga bakin Inna cewa turminta ne ya ceci ɗan mutane ba. Labarin ya riga mu komawa Matameye. Washegari mahaifiyata ta yafa mayafi ta tafi gidan Kawu, ta yi masa faɗa kamar yana ɗan shekara goma, shi da furfurarsa yana sunkuye yana cewa, "Haka ne, Yaya." Da ta dawo ta yi mini nawa, ya fi nasa tsawo.

A makon nan ya kai motar wurin mai walda na bayan tasha. Aka ƙwanƙwasa sauran ramuka uku, biyu daga ciki su ma sun ruɓe. Aka yanke aka sa sabon ƙarfe. Kawu ya ci gaba da aiki da tsohon kirik ɗinsa har ƙarshen tuƙinsa, na Yaya kuma ya samu wurin zama a gefensa, an goge masa laka.

Motar ta ƙara shekaru tana kai mu gona, tana ɗauko rake daga fadamun Dungu, tana kai masu naƙuda wurin likita. Daga baya yanar ido ta rufe wa Kawu gani, ya daina tuƙi. Wani lokaci da la'asar sai ya aiko a kira ni, ya ce in fitar da shi ya sha iska. Mu kama hanyar Kance a hankali, gilashi a buɗe, shi yana jingine yana sauraren inji. Ba ma yawan magana.

A fitarmu ta ƙarshe, 'yan watanni kafin rasuwarsa, muna cikin tafiya ya ɗora tafinsa a kan ƙofa ya ce, "Tayar gaba ta hagu ba ta da iska sosai."

Na ce, "Kawu, da safe na duba ta."

"Tsaya wurin mai faci dai."

Na tsaya. Mai faci ya gwada, ya ɗago ya dube ni yana dariya, ya jawo famfonsa. Da ya gama, Kawu ya sa na saya masa gasasshiyar masara a bakin hanya. Ya ci rabi, ya miƙo mini sauran, muka juyo gida kafin magariba.