Kawu Bawa da Takardun Balangu

Ku da kunka san Kawu Bawa, ƙanen innata, kun san halinai. Ko cewa ka yi an ga wata, sai ya gyara tabaran nan nashi mai ɗaurin zare ya ce, "Ina takarda?" Ran da matarsa Inna Kulu ta ce tuwo ya ƙare, haka ya tambaye ta. Ta dire mai tukunya gabanai: "Ga ta nan, karanta!"

Muna ta dariya, ba mu san tambayar nan za ta zama kukanmu ba.

Shekarar da anka yanke mu daga jihar Sakkwato, wasu mutane sunka zo da igiyar awo sunka kafa turaku a fadamarmu ta Danwarai, inda muke dashen albasa tun kakanni. Wai majalisa ta zauna ta yi doka, wuri ya koma na hukuma. Yaushe? Su wa? Oho!

Kawu ya hau kekenai sai sakatariya. Anka ce fayil na Sakkwato. Ya tafi Sakkwato, anka ce an kai Birnin Kabi. Can kuma magatakarda ya ce, "Baba, shina kan hanya."

"A ƙasa yake tahowa? Gaya mani inda ya kai in tarbo shi da keke."

Ranar zaman majalisa ya je da tabarma da buta. Masinja ya tare ƙofa, wai zaman na sirri ne.

"Sirri? Haihuwa suke yi ciki? In dokar tawa ce, don mi anka ɓoye mani? In ba tawa ba ce, mi ya kawo ta gonata?"

Har la'asar shina zaune bakin ƙofa. Ashe 'yan majalisar sun fice ta baya.

To, wata ranar kasuwar Jega na sai balangu na miƙa mai. Bai ko kalli naman ba. Takardar ƙunshin ya ƙura ma ido: hatimin hukuma, ga sunan Danwarai ɓaro-ɓaro! Mahaucin ya ce ai buhu-buhu suke saye wurin masu sharar ofis.

Jama'a, Kawun da ba ya sayen nama sai dai na layya ya zama abokin kowane mahauci daga Jega har Maiyama. "A rage nama, a ƙara takarda!" Ya ba mu tsoka, shi ya goge takarda ya shanya bisa danga. Wallahi daminar nan har kumatu munka yi.

Ya samu shafi na ɗaya, na biyu, na huɗu. Na uku, mai sunayen waɗanda sunka zauna sunka ɗaga hannu, bai samu ba. Ya kai abin da ya tara sakatariya. Magatakarda ya sunsuna ya ce hukuma ba ta karɓar takarda mai warin yaji.

Ya dawo gida shina turin keke. Tun daga ranar ban sake jin "ina takarda" a bakinai ba, kuma wannan ya fi rashin fadamar ƙona mani rai.

Yau fadamar an kewaye ta da waya, ta zama lambun mangwaron wani babba. Mu kuwa ƙwadago muke yi a gonakin albasar mutane a Aliero. Ni dai ba ni da sauran sa rai. Amma da ajalin Kawu ya matso, sai ya kama hannuna ya ce, "Ɗan nan, in ka sai nama, duba ƙunshin." Har gobe ina dubawa, kamar wawa.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa. Ran da ba a ɓoye fayil ɗin kowa, ya Rabbi ka ba shi takardarsa a hannun dama, ba shafin da ya ɓace.