Na Rubuta Rasuwarta Tana da Rai

Shekarun baya kaɗan, wata safiyar Juma'a, ina zaune tsakar gida ina jiran kunu ya huce, na ɗauki wayata na ga lambar masu shiga shafina tana hawa da kanta. Ku da kuka daɗe kuna bi na kun san mai bulog takan duba lamba tun kafin ta wanke ido. To amma ni kwana uku ban saka komai ba. Na fara murna, amma murnar ba ta daɗe ba. Mutane ba su taruwa haka a shafina sai an yi mutuwa, ni kuwa ban san wanda ya mutu ba.

Bari in ɗan koma baya, don ku gane yadda na kai nan.

Da na faɗi jarrabawar bak ta ƙarshen sakandare na dawo gida Gidan Rumji na zauna. Abokiyata da muka yi lise, wato sakandaren, tare a Maradi ita ta buɗe mini bulog, ta nuna mini yadda ake sa talla a gefen rubutu. Ta ce, "Ke dai rubuta. Masu tallar nan ba ruwansu da abin da kika ce, idanu suke saye. In mutane suka shiga da yawa, a biya ki." Na fara da girki, yadda ake kwaɗon zogale, da farashin gero da wake ranar kasuwa. Masu karatuna na farko mu uku ne: ni, da ita, da wani mutum a wata ƙasa mai nisa wanda har yau nake zaton ɓatan hanya ya yi.

Sai tsohon mushenmu, wato malaminmu na firamare, ya rasu. Na rubuta masa ƴan layuka, da zuciya ɗaya na rubuta, na sa hotonsa. Kafin yamma shafin ya cika. Ƴan garinmu da ke Agadas, da Libiya, da Legas, kowa ya tura wa wani. A ƙarshen watan ne na fara ganin abin da ake kira kuɗin talla da idona, na sayo wa mahaifiyata turmin atamfa.

Daga nan na gane abin da mutanenmu na nesa ke nema a waya: wa ya rasu a gida. Na ajiye girki na koma sanarwar rasuwa. Na gaya wa kaina aikin lada ne, kuma wallahi da ladar a ciki. Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. A wannan sana'a wanda ya riga sakawa shi ake turawa, na biyu ko a leƙa shi. Rezon waya a gidanmu kuwa, in zan saka rubutu ko in cire, sai na hau bulo a gindin rumbu na ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa. Don haka na koyi shirya rubutu tun da wuri. In aka ce wane yana jin jiki, bakina ya ce Allah ya sawwaƙe, kunnena kuma ya miƙe. In dawo gida in rubuta komai, in ajiye, ina jira. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka na yi.

A ƙauyen su mahaifiyata, can gefen Cadakori, akwai wata tsohuwa ungozoma. Ita ta yanke cibiyar mahaifiyata, ita ta yanke tawa, don ni ce ƴar fari, a gidan kakanni aka haife ni. Muna ce mata Kaka. Aka aiko cewa ta kwanta, har an daina ba ta tuwo sai ruwan fura. Na san ranar da ta tafi rabin ƙasar nan za su nemi labarin. Na zauna na rubuta. Na sa hotonta na wani bikin suna, na jera ƴaƴa da jikoki, na rufe da abin da aka fi rufewa da shi: ta rasu da hantsin yau, za a yi jana'iza bayan La'asar. Da na zo ajiyewa rezo ya yi ta yankewa, wurin ajiyar ya ƙi karɓa. Sai na latsa wurin da ake sa wa rubutu rana ya fito da kansa, na zaɓi wata rana can gaba, sati uku, da niyyar in gyara gobe.

Kaka ta warke. Ta miƙe har tana zuwa barka. Na yi murna ta gaskiya, na manta da rubutun ƙaf.

Shi ne ya fito ran Juma'ar nan, ƙarfe shida na safe, ina barci.

Da na buɗe shafin na ga fuskarta tana dariya, sunanta a sama, tallar katifa a ƙasa. Na hau bulon nan na cire rubutun, amma an riga an ɗauki hotonsa, yana yawo waya zuwa waya. Ni na cire, lamba kuwa ba ta daina hawa ba, mutane na ta shigowa nemansa.

Ban gaya wa mahaifiyata ba. Na zauna ina wanke kwano ɗaya har sau uku. Wajen sha ɗaya muka ji moto, wato babur, ya tsaya a ƙofa, kawuna ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba. Bai dube ni ba, yayarsa ya duba.

"Ku taso. Tsohuwa ta hwaɗi."

Mahaifiyata ta dafe ƙirji. "Ta cika?"

"Ba ta cika ba. Tana zaune tana ɓarar gujiya masu gaisuwa sunka shigo suna kuka, sunka ce sun zo ta'aziyyarta. Ta miƙe, ta hwaɗi. Tun hantsi ba ta ce uffan ba." Sai a nan ya juyo gare ni. "Ke kuma ake nema."

Tun hantsi. Daidai lokacin da na rubuta.

Mu uku muka hau moton, ni a tsakiya. Ban taɓa ganin hanya mai shiru irin ta ranar ba, ga rana tsaka, ga gero ya yi kai a gonaki ko motsi ba ya yi. Muka riƙa wuce mutane, wasu a moto, wasu a amalanken jaki, duk sun nufi inda muka nufa. Wata mata a kan amalanke ta gane mahaifiyata ta ɗaga murya, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙan tsohuwa!" Na ji yatsun mahaifiyata sun nutse a kafaɗata. Wayar tana cikin zanena tana ta zuga da saƙonni, kamar wani abu mai rai da na ɗaure a ƙugu.

Mun isa maza sun tafi masallacin Juma'a, gidan cike da mata. Ina sa ƙafa surutu ya ɗauke. Wata ta janye ɗanta ta tura shi bayanta. Kaka tana kwance a rumfa kan tabarma, idanunta a buɗe suna kallon karan rufin rumfar. Majo, ma'aikacin jinya na likitar garin, ya zo ya tafi, ya ce jininta ne ya hau, ya sa mata ƙwaya a ƙarƙashin harshe, ya ce a jira. A gefe, kan wani kwando, na ga farin yadi a ninke. Ɗanta ne ya taho da shi daga Maradi, don shi ma a waya ya gani.

Babbar ɗiyarta, wadda nake ce wa Gwaggo, ta tako har gabana da waya a hannu.

"Ke, ƙarhe shida kinka rubuta hantsi. Hantsi bai yi ba. Wa ya hwaɗa miki?"

Na ce, "Gwaggo, kuskure ne. Ba yau na rubuta ba, tun sati uku ne, lokacin da take kwance."

Na zaci na wanke kaina. Sai na ji tsakar gidan ta ja numfashi gaba ɗaya.

"Sati uku," in ji Gwaggo a hankali. "Ashe tun sati uku kinka kama ta."

Ba wanda ya furta kalmar da farko. Daga baya wata daga bayan taro ta faɗe ta ƙasa-ƙasa: mayya. Ku da kuka tashi a birni wataƙila ku yi dariya. A wurinmu in kalmar nan ta manne wa mace, ba mai cin abincin hannunta, ba mai ba ta jariri ta riƙe, kuma ba ita kaɗai ba, har uwarta da ƙannenta, don an ce a nono ake sha.

Gwaggo ta ce abu ɗaya ne: in tsallake Kaka sau uku kafin La'asar, in sakar mata kurwarta. Haka ake yi. Nan na ga ramin da na faɗa. In na tsallake ta tashi, to ni na kama ta. In na tsallake ta mutu, na ƙi saki. In na ƙi tsallakewa, ba sai an tambaya ba. Kuma ni da hannuna na rubuta lokacin.

Mahaifiyata, saboda kunyar ƴar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa tsaya mini a gaban mutane ba. Ranar ta shiga tsakanina da Gwaggo ta ce, "Ɗiyata ce. Sakarya ce, na yarda, amma ba abin da kuke cewa ba ce. In ita ce, to ni ce."

Aka bar mu a tsaye. Maza suka dawo daga masallaci suka cika zaure, ina jin muryoyinsu, kawuna na ta rantsuwa. Ba abin da nake kallo sai inuwar katanga tana tafiya a ƙasa, tana matsowa wajen tabarmar. Na yi duk addu'ar da na sani. Har na tarar da kaina ina roƙon Allah kada ta mutu, ina kuma tsoron ta tashi a lokacin da bai dace ba.

Da inuwar ta taɓa bakin tabarma Gwaggo ta kama hannuna ta ja ni. Ta tsayar da ni daidai ƙugun Kaka. Daga masallacin unguwa ladan ya ɗaga murya. Mahaifiyata ta rufe fuska da mayafi. Na tattare zanena, na ɗaga ƙafar dama.

Wani abu mai sanyi ya cafke mini idon sawu.

Ihun da na yi, an ce har zaure an ji. Hannun Kaka ne. Hannun da ya fara taɓa ni a duniya. Ta riƙe ni gam, ta juyo da idanunta, da wata murya kamar ana jan busasshen kara ta ce, "Wa za ya tsallake ni? Ni turmi ce?"

Ta ce a ba ta ruwa. Aka tallafe ta ta sha, ta dubi matan da suka cika mata gida, ta dubi farin yadin, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, "Ke mai kashe mutane da waya, zauna nan. Karanta mini abin da kinka ce."

Na durƙusa na karanta mata sanarwar rasuwarta, kalma bayan kalma, ina kuka. Tana saurare ido rufe. Da na zo wurin ƴaƴa ta ce, "Takwas ne, ba bakwai ba. Wanda ya koma yana jariri ba ɗa ba ne?" Da na zo inda na ce mace ce mai haƙuri, ta buɗe ido ɗaya. "Wannan ƙarya ce, tambayi waccan." Ta nuna Gwaggo da haɓa. Wata ta yi dariya ta toshe baki. Da na gama ta ce, "Sauran ya yi kyau. Kada ki zubar. Aje shi. Ranar na nan tahe, sai ki gyara takwas ɗin."

Na gyara. Rubutun yana nan a ajiye har yanzu, Kaka kuma tana nan da ranta. Ban ƙara rubuta rasuwar kowa ba sai na ji daga bakin mai gawa, kuma na cire talla daga kan irin waɗannan shafuka, na koma wa kwaɗon zogalena da masu karatu ƴan kaɗan. Amma ba zan ɓoye muku ba, duk safiyar Juma'a sai na buɗe wurin ajiya na tabbatar ba a sa wa rubutun Kaka ranar fita ba. In na ga lamba ta yi tsalle, can nake fara leƙawa kafin in san dalili. Wani lokaci ina tafiya haka kawai in ji sanyin nan a idon sawuna.

Ranar dai, bayan an sallame La'asar, Kaka ta sa aka kira kawuna da ɗanta suka tsaya a bakin rumfa don maza su ji. Ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta.

"Kun gani da idonku, ba ta tsallake ni ba. Ni na tashi don kaina. Ni na yanke cibiyar uwarta, ni na yanke tata, na san nonon da ta sha tun daga kakarta. Babu komi cikinshi. Wanda ya sake hwaɗin kalmar nan, ni ya zaga."

Ta saki ƙafata, sai a lokacin na lura ashe ta sake riƙe ta. Ta tura ni da bayan hannu.

"Tashi ki tahi gida, ɗiyar nan. Ba mai taɓa ki. Ke kuma," ta juya wajen Gwaggo, "ɗauke yadin can daga gabana, ki kawo mini gujiyata."