Cincin Ɗin Mutumin Baba

Lokacin da maigidana yake karatun digirinsa na uku a Edgbaston, ni da 'yarmu muna zaune a Rusholme, domin a Manchester na samu aiki, ita kuma ta riga ta shiga makaranta. Litinin ya kama jirgin ƙasa zuwa Birmingham, sai Juma'a mu gan shi. Bincikensa a kan wani lauya ne na farkon kafuwar Amurka, wanda ko a ƙasarsu ba kowa ya san shi ba.

Ranar Asabar muna karyawa sai ya ɗauko labarin lauyan. Ɗan manomi ne, a gaban wani tsohon lauya ya koyi aikin. Yakan hau doki ya bi alƙali gari-gari, yau shari'ar iyakar gona, gobe ta gado. Daga baya mutanen yankinsa suka tura shi majalisa, ya yi ta gardama a kan a gyara musu hanya. Da ya sake tsayawa ya sha kaye, ya koma ga dokinsa. Maigidana ba ya kiran sunansa. "Mutumina ya faɗi zaɓe wannan makon," haka zai ce, fuskarsa duk ba daɗi.

'Yarmu tana jin duk wannan, bakinta cike da burodi. Ashe ita a ranta mutumin nan maƙwabcin babanta ne a Birmingham.

Da Sallah ta zo muka tafi unguwar Sparkbrook a Birmingham cin abinci gidan abokai. Tun daga gida ta rungume wata 'yar roba da ta cika da cincin, ta hana ni taɓawa. Babanta ya tarye mu a Stratford Road. Tana ganinsa ta ce, da Hausarta mai gauraye da Turancin Manchester, "Baba, a ina flat ɗin mutuminka yake? Na kawo masa, tunda ya faɗi zaɓe."

Na so in yi dariya, sai na ga ya durƙusa a gabanta, mutane suna ta wucewa.

"Mamana," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "ai ya rasu. Tun kafin a haifi kakan kakana."

Ta daɗe tana kallonsa. "To me ya sa ba mu je gaisuwa ba?"

"Nesa ne, kuma an daɗe."

"Yana da yara?"

"Yana da su."

"Idan ya tafi da dokin, wa yake kai su makaranta?"

Jawaban mutumin na majalisa maigidana ya sani kamar ya haddace, amma bai taɓa bin zancen gidansa ba. Ya gaya mata gaskiya bai sani ba, zai duba. Ta ɗan yi kuka, ya goge mata hawaye da hannun rigarsa, ya ɗauke ta a kafaɗa har ƙofar gidan da za mu.

Ya duba kuwa. Abin da ya samu kaɗan ne: 'ya'ya mata, da matar da ta riƙe gona duk sanda ba ya nan. Ya ba su shafuka a cikin aikinsa, malaminsa bai hana ba. Cincin ɗin kuma yaran gidan abokanmu suka cinye a ranar, ita ta raba musu da hannunta.