Allona Yana Kore, Rumbun Ya Cika

Allon da ke gabana a Birnin Kudu yana nuna kore, alamar komai lafiya, lokacin da Malama Rabi ta kira. Ita ke shigar da bayanan masu awon ciki a wani ƙaramin asibiti a Gwaram. Aikina shi ne sa ido daga nesa kan rumbun ajiyar bayanai na babbar kwamfutarsu, kada ya cika.

"Malam Sani, an kawo wata mata daga Kwandiko tana jijjiga. Na nemi awonta, babu."

Na ce, "Ai a nan komai lafiya lau."

"To, zo ka gaya wa mijinta."

Da na isa asibitin, na tarar rumbun ya cika maƙil. Mako uku ana shigar da bayanai, ba sa zama. A bayan tebur kuma ga na'urar intanet a zare.

"Wa ya cire wannan?"

"Ni ce. Tun da damina ta kankama, sola ba ta ɗaukar ta tare da firijin rigakafi. Da kai ne, wanne za ka kashe?"

Ni na saita allon ya riƙa nuna saƙon ƙarshe da ya iso, ko da ya kwana ashirin.

A awon da ya ɓace aka ga jinin matar ya hau. Da awon ya zauna a kwamfutar, da sunanta ya fito cikin waɗanda za a bi har gida. Ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

Yanzu in kwamfutar asibitin ta yi shiru awa ɗaya, allona ja yake komawa.

Masu gadi daga nesa, yaushe rabonku da zuwa ku gani da ido?